Rigar da Ke Amsa Karatu

Har gobe ban daina jin haushin Jibirin ba. Mutum ya taso tun daga Legas da jakar mamaci, yana da lambata a wayarsa, ya san abin da na sani, amma ya kasa kirana gefe ya ce, "Uwaliya, ga kayan ƙaninki, duba kafin tsofaffi su gani." Sai ya yi sallama ya dire jakar a gaban Inna, ya durƙusa yana sharar hawaye, wai shi ga mai riƙon amana. Ni kuma ina madafi ina fama da ɗanyen itace. Kafin in fito an riga an zuge zif.

Ƙasim shi ne autanmu. Acaɓa yake yi tsakanin Kabo da Gwarzo, yana ɗaukar mata da ƙullin kayan miya, da malaman makaranta, wani lokaci har da akuya a ɗaure a baya. Shekarar da aka cire tallafin mai sana'ar ta mutu a tsaye. Mutane suka koma tafiya a ƙasa, mai zuwa kasuwa ya gwammace ya yi sammako da ƙafarsa. Sai yaron nan ya wuni a gindin darbejiya a bakin titi bai ɗauki mutum uku ba. Da abin ya ishe shi ya sayar da babur ɗin ya bi abokinsa Jibirin Legas. Bayan wata biyu ya bugo waya ya ce ya samu aiki a shagon kayan wuta, inda ake sayar da ƙwayayen lantarki da wayoyi da fitilu. Daga nan buhun masara ya fara shigowa gidanmu na Gammo, da ɗan man girki, da maganin hawan jinin Inna.

Ba shagon kayan wuta ba ne. Ni kaɗai ya faɗa wa, shi ma don na tsare shi ne, bayan na kira shi wata rana na ji kiɗa kamar zai fasa min waya. Gidan rawa ne, irin wanda ake buɗewa in mutanen kirki sun kwanta. Aikinsa ɗaukar tire, yana kai wa mutane kwalabe tebur-tebur. Ya rantse min bai taɓa kai ko ɗigo bakinsa ba, na kuma yarda, don na san ƙanina. Amma ranar na wanke shi tas. Na ce ɗan Malam Baƙo guda, ka rasa abin da za ka ɗauka a duniya sai giya? Ya bari na gama, sannan ya ce, "To Yaya, in dawo mu zauna mu yi ta kallon juna?" Sai na kashe wayar. Wata guda na yi ina fushi da shi, daga baya na sauko, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya roƙe ni don Allah kada Baba ya ji, na ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Zazzaɓi ne ya yi ajalinsa, kwana huɗu. Can aka binne shi, babu ko ɗayanmu a wurin.

Sai kun san Baba za ku gane abin da nake gudu. Malamin zaure ne, ya fi shekara arba'in yana ba da karatun littattafai. Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a tsaye ya tafi a bayan a-kori-kura, ya dawo murya a dishe don kabbara, kuma har yau in zai ba da labarin sai ya gyara zama. Babu abin da yake tsoro a duniya kamar loma ɗaya ta haram. Da idona na ga ya sa an mayar wa wani ɗan takara buhun shinkafa, alhali a ranar ƙanzo muka jiƙa. Idonsa kuwa ya tafi shekara huɗu ke nan. Likita a Kano ya ce jijiyar ce ta mutu, babu aikin da za a yi. Abin da ya rage masa shi ne bambance rana da inuwa. In ka tsaya a bakin ƙofa zai san an tare haske, shi ke nan.

Ranar sadakar uku, a gaban mutanen da suka cika ƙofar gida, Baba ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida na yafe wa Ƙasimu duniya da lahira. Shekara ɗaya da rabi yaron nan yana ci da ni, bai taɓa sa min haram a baki ba." Ina bayan ƙyauren zaure na ji. Tun daga nan na ɗaukar wa kaina alkawari wannan magana ba za ta warware ba muddin ina numfashi. Yaro ya riga ya kwanta, yafiyar ubansa ita ce guzurin da ya tafi da shi. Ba zan bari a janye masa ita ba, ba kuma zan bari tsohon nan ya san abin da ya yi shekara ɗaya da rabi yana ci ba.

To, jakar. Kwana takwas da rasuwar Jibirin ya kawo ta, rana ta faɗi ana shirin kiran magariba. Inna tana zaune a rumfar ƙofar ɗakin Baba, shi kuma yana kan buzunsa. Ta dinga fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗa masa: kaftani biyu, wanduna, darduma, hula, kwalbar turare da ta kusa ƙarewa. Can ƙasa sai ta zaro wata baƙar riga mai gajeren hannu irin ta 'yan ƙwallo. A ƙirjinta an manna wani faffaɗan abu kamar leda mai kauri, da layuka a tsattsaye, daga ciki kuma siririyar waya ta gangara zuwa wani ɗan akwati da bai fi kwalin ashana biyu ba.

Ina ganinta na gane ta, don ya taɓa turo min hotonsa sanye da ita. Ita ce rigar da masu ɗaukar tire ke sawa don a hango su a cikin duhu. Da ta ji ƙara sai ta kama wuta, in kiɗa ya yi sama layukan su yi sama. A bayanta an rubuta sunan gidan da boko, ga zanen kofi mai dogon wuya a ƙasan rubutun.

Inna tana jujjuya ta, ashe yatsanta ya danna maɓalli. Ta ce, "Wannan kuma ta mece ce?" Sai wuta ta tashi a hannunta, kore daga ƙasa, ruwan ɗorawa a tsakiya. Ta yi wurgi da ita kan tabarma tana salati, wutar ta haura har ja.

Baba ya ce, "Ku tsaya. Mene ne wancan yake motsi?"

Kowa ya yi tsit, wutar ta mutu.

"Ya ɓace," in ji shi. Yana faɗar haka ta sake tashi. "Ga shi nan kuma."

Ya miƙo hannu. Inna ta ɗauko rigar da yatsa biyu ta kai masa, ya kawo ta dab da fuskarsa. Ya ce, "Bismillahi," layukan suka hau. Ya sake cewa, suka sake hawa. Sai ya juyo wajen da yake jin numfashin Inna ya ce, "Kore ne ko?" Shekara huɗu mutumin nan bai ambaci launin komai ba. Inna ta rufe fuska da gefen mayafi ta fashe da kuka.

Da ya tambayi Jibirin ko rigar mece ce, sai gogan ya saki baki yana kallona kamar an kama shi da kazar mutane. Na yi maza na ce, "Ta shagon ce, Baba. Talla suke yi da ita. In sun tsaya a ƙofa mutane su san nan ake sayar da kayan wuta."

"Ikon Allah," in ji Baba. "Ɗan Adam da hikima."

Ƙaryar da na fara yi wa mahaifina ke nan tun da na yi wayo, ta kuma fito min sumul, ko gargada babu.

Washegari Inna ta haɗa kayan Ƙasim ta wanke kamar yadda aka saba. A wajenmu kayan mamaci wanke su ake yi a ninke a ajiye, ranar arba'in a fitar a ba mabuƙata, ladan ya je masa. Duk ta wanke ban da baƙar rigar, don Baba ya ce a bar masa ita tukuna. Ya sa aka kafa ƙusa a bangon ɗakinsa daidai inda buzunsa ke kallo. Ni na karɓi rataye ta da hannuna. Na juya bayanta ga bango, na kama kafaɗun da zare da allura a jikin hanga yadda ba za ta juyo ba. Ɗinki ne sana'ata, nan dai ya yi min rana.

Na koma ɗakina a Gwarzo, amma duk Juma'a sai na zo. Inna ce ta fara ba ni labarin abin da Baba ya tsira. In ya idar da magariba sai ya sa a saki labule, ya lalubi ɗan akwatin ya danna, ya koma kan buzu ya ja wa Ƙasim Yasin har a kira lisha. Na laɓe na gani da idona. Ɗakin duhu, tsoho a zaune ya miƙe wuya gaba, wuta tana bin muryarsa. In ya ja madda layukan su tsaya a sama suna rawa, in ya yi waƙafi su zube. Hasken yana sauka a gemunsa, kore da ja.

Wallahi ban san me zan ji ba. Tausayi ya kama ni, kunya ma ta kama ni. Abin da aka ƙera don kiɗan mashaya, ga shi yana bin ayar Allah a ɗakin Malam Baƙo, kuma da bakina na share masa hanya. Na yi ta istigfari a bayan labule. Amma Inna ta ce tun da aka rataye rigar yake cinye tuwonsa, bayan a kwanakin farko sai dai a ɗauke kwanon yadda aka ajiye. Sai na ja bakina na yi shiru.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle a Gammo. Kafin mako biyu labari ya gama gari wai rigar mamaci tana amsa karatu a gidan Malam. Mata suka fara zuwa da sunan ƙarin gaisuwa, ido yana kan ƙofar ɗakin. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu har da hawaye, wai wannan alamar rahama ce, yaron ya dace. Baba ya taso mata. Ya ce, "Batir ne guda huɗu irin na rimot. Ku ji tsoron Allah, kada ku mayar min da ɗaki wajen ziyara." Ni da na ji haka har na ɗan samu sanyi, na ce ko zai sa a sauke ta.

Ina. Shi da ya hana mata surutu shi ne kuma ba baƙon da zai zo bai ja shi ɗaki ba. "Zo ka ga rigar aikin Ƙasimu. Yi mata sallama ka gani." Sai ka ga dattijo da rawaninsa ya tsaya gaban bango yana cewa salamu alaikum, wuta ta tashi, su yi ta dariya su biyu kamar yara. Daga nan Baba ya shiga bayani, yadda suke tsayawa a ƙofar shago, yadda mutanen Legas ke tururuwa. Har ƙari yake yi a kan abin da na faɗa masa. Waɗannan dai tsofaffi ne, ba su karanta boko ba, ba kuma wanda zai kai hannu ya juya riga a ɗakin malami. Duk da haka kowane baƙo ya shiga sai gabana ya faɗi. A Gwarzo barci ya ƙaurace min. Na ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, ta zo ta zazzage min rashin mutunci, na ba ta haƙuri, ni da ba a taɓa ni in ƙyale.

Ana saura mako guda arba'in sai Bashari ya bugo waya. Ɗan ƙanin Baba ne, a gabansa ya yi karatu, yanzu yana Kano cikin masu zagaya gidajen biki suna hana kiɗa da cakuɗuwar maza da mata. Lokacin rasuwar ya tafi Umara, shi ne yake cewa zai zo ranar Juma'ar arba'in ya yi gaisuwa. Bashari ba mugu ba ne, yana son Ƙasim, shi ya koya masa hawan keke. Amma bakinsa ba linzami. In ya ga abu sai ya faɗi sunansa ko a gaban wa, yana ganin ɓoyewa cin amanar addini ne. Ina zaune a gefen Baba, wayar a buɗe, na ji Baban yana ce masa, "In ka zo akwai abin da zan nuna maka. Ba ka taɓa ganin irinsa ba."

Bashari kuwa ya taɓa gani mana. Da bakinsa ya ba mu labari bara yadda suka ƙwace huluna da tabarau masu walƙiya a hannun yaran da ke sa kiɗa a wani ɗakin taro. Kallo ɗaya zai yi wa rigar nan ya san gidan da ta fito. In ma bai sani ba zai kai hannu ya juya ta, don shi ɗan gida ne, kuma ya iya boko.

Kwana shida na yi ina saƙa da warwara. In faɗa wa Inna, jininta ya hau in shiga uku. In kira Bashari in roƙe shi, na san amsar, zai ce shi ba zai taya ni yaudarar malaminsa ba. In sace rigar, gidan zai hargitse, a zargi yaran maƙwabta da ba su ji ba ba su gani ba. In cire batir, akwai wasu sababbi a ƙarƙashin buzunsa, da kansa yake canzawa da lalube. In tsinke waya, zai aika da ita wajen mai gyaran rediyo a Kabo, shi kuma ya juya ya karanta. Hanya ɗaya na gani. Abin wuta in ya sha ruwa kowa ya san ya gama yawo, ba mai kai shi gyara. Kuma ba wanda zai ga laifin mace don ta wanke rigar ƙaninta ana gobe arba'in, ai abin da aka saba ne.

Ranar Alhamis na iso da hantsi. Na tarar an ja Baba raɗin suna, daga can kuma zaure zai zauna har la'asar. Inna da mata biyu suna can suna gyaran shinkafar waina. Na shiga ɗakinsa na warware zaren da na ɗinka, na cusa rigar cikin hijabina. Na ɗebi ruwa a baho na shige tsohon ɗakin Ƙasim na turo ƙofa.

Kafin in tsoma ta sai na kai ta hancina. Da ban yi ba. Ƙanshinsa yana nan, turaren nan nasa mai arha da ɗan gumin wuya. A duk duniya ita kaɗai ce ta rage da hannun wanki bai taɓa ba. Na zauna a ƙasa na rungume ta na ɗan jima. Sannan na tuna Bashari, na tuna muryar Baba a ƙofar gida, na tashi.

Da gangan na kunna ta, don na ji masu gyaran waya suna cewa abin da ya faɗa ruwa a kunne shi ne ba ya tashi. Na danna ta cikin baho. Ƙarar ruwan ma sai da ta amsa, kore ya haska a ƙarƙashin kumfa. Kuka ya ƙwace min, ina toshe baki kada mata su ji, ita kuma tana bin shessheƙata, in na ja ta hau, in na sauke ta sauka. Na ce, "Ƙasim, ka yafe min, don kai nake yi." Ta haura har ja. Na sa sabulu na cuɗe ta da ƙarfi, na murɗe, na ji wani abu ya yi ƙas a cikin ledar. Layi biyu suka rage suna ƙifta ido, can suka ɗauke. Na yi magana, na tafa hannu, shiru.

Na shanya ta a bai-bai a ƙarshen igiya, bayan rumbu. Inna ta zo wucewa da ƙwarya ta tsaya.

"Uwaliya, ba rigar ɗakin Malam ba ce wannan?"

"Ita ce. Gobe arba'in, Inna, ita kaɗai ta rage ba a wanke ba."

"Kin cire wayoyin dai ko?"

"Ai ba sa fita."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Allah dai ya sa ta tashi," ta wuce.

Abin da ya kamata in yi shi ne in same shi a zaure in faɗa masa da rana tsaka. Na kasa. Ni Uwaliya da ake cewa ba na tsoron kowa, sai na lallaɓa na mayar da rigar kan ƙusa kafin magariba, kamar wadda ke fatan wani ya faɗa a madadinta. Na tsaya a bayan labule.

Ya idar da salla, na ji tafiyarsa zuwa bango, na ji ƙas na maɓalli. Ya koma ya zauna ya yi bismilla ya fara. Aya uku ya ja ya tsaya. Ya tashi ya sake dannawa, ya dawo ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba. Ya sake tsayawa. Na ji yana laluben ƙarƙashin buzu, ya zare tsofaffin batir ya sa sababbi, ɗaya ya faɗi ya gangara, ya bi shi da tafin hannu a ƙasa har ya samo. Ya sake farawa daga farko. Wannan karon bai kai ƙarshen aya ta biyu ba.

"Wa ke nan bakin ƙofa? Uwaliya ce?"

"Ni ce, Baba."

"Shigo." Na shiga na durƙusa. Fuskarsa tana kallon bango. Ya ce, "Wutar tana ci ko?"

Kafin in haɗa amsa ya ci gaba, a hankali, kamar mai ba da fatawa. "Ba komai, faɗa min. Likita ya ce wata rana ragowar ganin ma za ta tafi. Ashe yau ce. Alhamdu lillahi ala kulli halin."

Duk lissafin da na yi kwana shida ban taɓa kawo wannan ba. Na ce, "Ba idonka ba ne, Baba. Wallahi ba idonka ba ne." Na kunna fitilar wayata na haska masa fuska. Ya ƙifta, ya kau da kai.

"Na gani," in ji shi. "To me ya same ta?"

"Ni na wanke ta."



"Da ruwa?"

"Da ruwa da sabulu. Na ga gobe arba'in."

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi ɗaya-ɗaya. Na jira faɗa, na ma ƙosa ya zo. Da ya ɗaga sandarsa ya sauke min a baya da na gode masa. Sai ya ce, "Wanki ai ba laifi ba ne. Haka ake yi wa kayan mamaci. Ni ne na riƙe ta fiye da ƙa'ida. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin, ban san da wane baki ba.

"Sauke ta ki haɗa da na sadaka," in ji shi. Ya gyara zama ya ɗauko surar daga farko, ya kai ta ƙarshe a cikin duhu. Ni kuma na sauke rigar, ban haɗa ta da na sadaka ba, na tura ta can ƙasan jakata.

Ranar Juma'a gida ya cika. Aka yi addu'a, aka raba waina, aka fitar da kaftanai da wanduna aka ba waɗanda aka ba. Bashari ya iso bayan an sauko daga masallaci, ya durƙusa gaban Baba yana kuka da gaske. Da ya natsu ya ce, "Baba, me ka ce za ka nuna min?"

"Wata 'yar riga ce ta wajen aikinsa. Ta lalace."

"Allah sarki," in ji Bashari, ya shiga yi wa Ƙasim addu'a, yana cewa yaro ne mai neman halak ɗinsa, ya bar gida don ya rufa wa iyayensa asiri. Baba yana amsawa da amin. Ina jin su daga tsakar gida. Abin da nake so na samu, sunan ƙanina ya tsira, yafiyar ubansa tana nan daram. Ban ji daɗin komai ba. Da aka kawo wa Baba tuwon dare loma biyu ya yi ya ture kwanon.

Da safiyar Asabar na shirya komawa Gwarzo, na shiga yi masa sallama. Yana zaune a kan buzu, an ɗage labule, rana ta shigo har gwiwarsa. Na gaishe shi ya amsa, ya tambayi yara, ya ce in gaishe da mai gidan. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Uwaliya."

"Na'am, Baba."

"Ba don in sa ki damuwa ba. Rabona da ganin fuskar Ƙasimu shekara huɗu. Ranar da zai tafi Legas ma shafa kansa na yi, ban san ko ya yi ƙiba ko ya rame ba, ban san ko gemu ya fito masa sosai ba. Rigar nan ce abinsa guda ɗaya da na gani da idona." Ya juya fuska wajen ƙusar. "Kwana talatin da ɗaya na samu. Wani ko ɗaya bai samu ba."

Jakar tana rataye a kafaɗata, rigar tana ciki.

Ya ce, "Tashi ki tafi, kada ki rasa mota."